Kiwon Bushiya a Tanki na Huɗu

Idan kana neman mutumin da zai ga dabba da yunwa ya kau da kai ya wuce, to ba Mutala ba ne, nemi wani. A Aboabo ta Kumasi aka haife shi, a gidan da uwarsa Hajiya ke turke raguna tun daga bayan ƙaramar Sallah har layya. Tun bai kai tsawon rago ba aka ɗora masa dokar gidan: ba a kai loma baki sai na turke sun ci. Ya sha ranƙwashi a kan wannan doka har ta shiga masa jini. Yanzu shekararsa arba'in da bakwai, yana Doha, yana wanke tankuna a wata 'yar cibiyar binciken teku da ke bakin gaɓa, amma har yau in ya zauna cin shinkafa a ƙofar ɗakinsu a Al Muntazah, sai kyanwoyin layin sun fara.

Kafin ya kama wannan aikin, shi a saninsa murjani dutsen ado ne, irin wanda kakarsa ke sawa a wuya ranar suna. Jael ce ta waye masa kai. 'Yar Kagoro ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, gajeruwa mai saurin magana, kuma ita ke riƙe da tanki na huɗu. Ta ce masa murjani dabba ce mai rai, 'yan mitsi-mitsi ne da ke haɗuwa su gina wa kansu gidan dutse a ƙarƙashin teku, kifaye su zo su raɓa. Sau ɗaya tak suke zuba ƙwai a shekara. A watan Afrilu ita da kanta ta shiga jirgin ruwa, ta yi amai har ta ce ta tuba, ta kwaso ƙwan a bokiti. Wata takwas tana reno. Abin da ya rayu shi ne jarirai ɗari da arba'in, kowanne manne a kan ɗan tayil ɗinsa, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. In sun kai watan Maris da rai, za a kai su teku a dasa. In ba su kai ba, sai a jira wata shekarar a sake daga farko.

A cikin tankin kuma akwai bushiyoyin teku goma sha biyu, wasu dunƙule-dunƙule masu ƙaya ta ko'ina, ba kai ba ido, bakinsu a ƙasa, suna tafiya kamar roƙonsu aka yi.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, Jael ta ja shi gaban tankin. Akwatinta ma yana bakin ƙofa.

"Baba Mutala, sati uku zan yi a gida. Dakta, shugaban cibiyar nan, shi ma ya tafi ƙasarsu. Amana na bar maka."

"Sista Jael, je ki ci Kirsimetinki. Kamar kina nan."

"Ka goge gilashi, ka duba zafin ruwa, ka rubuta. Khalas, shi ke nan." Ta ƙwanƙwasa gilashin daidai wata bushiya. "Waɗannan kuma leburorina ne. Gansakuka ita ce maƙiyiyar jarirai, ta fi su saurin girma, in ta rufe su ba sa samun haske, sai su mutu. Bushiyoyin nan ke kankare ta. Sha biyu ne cif, lissafi na yi. In sun yi kaɗan gansakuka ta ci gari, in sun yi yawa su haɗa da jariran su kankare."

"To, su me ake ba su?"

"Ba a ba su komai."

"Komai-komai?"

"Abin da suka kankara shi ne abincinsu. Yalla, direba na jira na."

Mutala ya ce to. A baki kenan, a ciki kam bai amsa ba.

Kwana biyu yana tsayawa gaban tankin da tsumma a hannu yana kallon leburorin nan. Tayil fari tas, kamar kwanon da yaro ya suɗe, su kuma suna ta bi suna gurza. Me ake ci a nan, don Allah? Tausayi ya kama shi sosai. Ko kafil, wato ubangidan 'yan ci-rani, mafi mugunta a garin nan yana ba leburansa abinci. Ya ce a ransa Sista Jael ta yi karatu, ba musu, amma daga gani ba ta taɓa kiwo ba, ko na kaza. Wanda ya ci ai ya fi ƙarfin aiki, wannan kuma ba sai an je jami'a ba.

Ranar Juma'a da sassafe ya hau bas zuwa kasuwar Abu Hamour, wurin Ghali, ɗan unguwarsu da ke sauke kayan gwari daga motoci. Ya roƙe shi ganyen latas na waje-waje, wanda ake cirewa a zubar.

"Zomo ka saya?" in ji Ghali.

"Bushiya."

"Bushiya? A Doha?"

"Ta ruwa ce. Guda sha biyu."

Ghali ya dube shi daga hula zuwa silifas. "Mutala, ga shi ko zafi ba a yi, balle in ce rana ce ta taɓa ka." Duk da haka ya cika masa leda, har da ƙarin kokwamba biyu.

Mutala ya wanke ganyen sau uku, don shi mutum ne mai tsafta. Ya ɗaura masa ɗan dutse ya nutse a kusurwar tankin, ya ja kujera ya zauna. Ba abin da ya motsa. Ya tafi masallaci, ya dawo. Wayyo daɗi! Duka sha biyun sun taru a kan ganyen, ba ya ko ganuwa. Kafin la'asar sai jijiyoyinsa suka rage. Babbansu ma ya yago wani guntun ganye ya ɗora a ka, ya zauna da shi kamar mai jiran a zo gaisuwa. Mutala ya yi dariya har da riƙe ciki, nan take ya raɗa masa suna Mai Unguwa. Ya ɗauki bidiyo ya tura wa matarsa Zalihatu a Kumasi, ya rubuta a ƙasa cewa jinin Hajiya bai ɓata ba.

Haka aka shiga. Kullum da safe ganye biyu, da yamma ɗaya. Bushiyoyin suka gane kusurwarsu, suka tare a can. Ba mai zuwa ko'ina. Mutala na shigowa yana musu sallama, yana tambayar Mai Unguwa ya jama'a, kuma wallahi a idonsa har sheƙi ƙayarsu ta fara yi.

A kwana na bakwai ya lura tayil ɗin ya ɗan yi kore-kore. Bai damu ba. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa ai sai ta murmure tukuna kafin a sa ran aiki daga gare ta. A kwana na goma koren ya fara fitar da gashi. Ya tsaya ya yi nazari irin na masana, ya gano matsalar: ƙarfinsu ne bai gama dawowa ba. Sai ya ninka ganyen, ya ƙara da kokwamba. Abin da suka ci suka rage ya riƙa ruɓewa a ƙasan tankin, gansakuka kuwa ta samu taki kyauta, ta ce bismillah.

Ranar kwana na goma sha huɗu ya shigo da ledarsa yana 'yar waƙa, ya kunna fitilar tankin, waƙar ta yanke. Gashin koren nan ya lulluɓe tayil, yana kaɗawa a ruwa. Jariran ba sa ganuwa. Ya sa yatsa a hankali ya buɗe wuri ɗaya. Ɗan murjanin da ya sani ruwan ƙasa-ƙasa ne, mai 'yan hannuwa da ke motsi, ya koma fari fat. Ya buɗe na kusa da shi. Fari. A kusurwa kuwa ga Mai Unguwa da jama'arsa, kowa da hular latas, suna jiran karin kumallo.

Ya fita waje inda iska ke kaɗawa ya kira Zalihatu. Tana bakin tukunyar shinkafa da wake da take sayarwa, ana jin hayaniyar masu saye ta bayanta. Ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa shi abin da bai gane ba, ya ba su abinci paa, sun ci sun ƙoshi, me ya sa suka ƙi aiki?

Zalihatu ta fashe da dariya, irin wadda sai an ajiye ludayi.

"Baban Shakira! Kai da ka tashi a gidan Hajiya? Ragunan nan da take cika wa kwano da dusa, ka taɓa ganin an kwance ɗaya ya tafi neman ciyawa? Ko an kwance shi, nan yake kwanciya. Awakin maƙwabta da ba mai ba su komai, ba su ne ke share filin ƙwallon unguwa tas ba?"

"To ai..."

"Ba wani to ai. Yarinya ta bar maka leburori, ka mai da su ragunan layya."

Kunya ta rufe Mutala tun daga wuya har kunne. Can sai dariyar Zalihatu ta tsaya, ta tambaye shi saura kwana nawa yarinyar ta dawo. Ya ce bakwai. Ta ce to me yake yi a waya?

Ya koma ciki ya kwashe ganye da kokwamba da duk ruɓaɓɓen da ke ƙasa. Ya sauya rabin ruwan, wannan kam aikinsa ne, ya iya. Ya bi bushiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya tuɓe musu huluna, yana ba su haƙuri. Sannan ya samo ɗan hantsaki da buroshi mai laushi a aljihun tebur ɗin Jael, ya ɗora tabaransa a hanci, ya duƙa. Tayil ɗaya-ɗaya, zare ɗaya-ɗaya, yana cire gansakuka daga jikin abin da bai wuce ƙwayar wake ba, da hannun da ya saba kayar da rago. Tayil guda kan ci masa minti ashirin. Ɗari da arba'in ne.

Amma ba ciwon baya ne ya fi ba shi wuya ba. Bushiyoyin ne. Suka koma kusurwarsu suka taru, suna jira. Mai Unguwa har ya hau gilashi ya tsaya daidai fuskarsa. Abin da ba shi da ido, amma Mutala zai rantse maka kallonsa yake. Da azahar ya buɗe kwanon abincinsa, ya ɗauki cokali, hannun ya ƙi tashi. Shekara arba'in bai taɓa ci na turke ba su ci ba, yau ce zai fara? Ya rufe kwanon. Washegari ya ɗaura niyyar azumi kawai, a huta, ya ce wa Mai Unguwa ai ga shi tare suke.

Kwana ɗaya, ba su motsa ba. Kwana biyu, ba su motsa ba, gansakukar da ya cire jiya kuma ta fara leƙowa. Ya zage su, ya roƙe su, ya yi musu wa'azi a kan cin halal. A rana ta uku da hantsi, yana duƙe wuyansa ya ƙage, sai ya hangi wani farin layi a kan tayil na can gefe, miƙaƙƙe, tas, kamar an bi da reza. A ƙarshen layin ga Mai Unguwa yana tafiyarsa ta ƙasaita, ya zagaye wani jariri bai taɓa shi ba, ya ci gaba.

"Allahu Akbar!" Mutala ya ƙwala, har mai gadi ya leƙo ya ga ko wuta ce.

Kafin yamma duk sun bazu. Abin da ya yi kwana biyu yana fama da shi da hantsaki, suka yi shi a wuni guda, kuma nasu ya fi kyau. Ya tsaya yana kallonsu, daɗi da haushi suka haɗu masa. Ashe duk tausayin nan da ya yi ta ji musu, su lafiyarsu ƙalau.

Sai dai wanda ya mutu ya mutu. Da tankin ya washe aka ga ɓarnar a fili, fararen ɗigo nan da can cikin masu ruwan ƙasa. Ya ƙirga sau uku ko lissafin zai ji tausayinsa, bai ji ba. Arba'in da huɗu. Shaiɗan ya zo masa da shawara mai kyan gani, cewa ya zubar da fararen, ya baza sauran su cike gurbi, in an tambaya ya ce bai sani ba, shi mai goge gilashi ne. Ya saurari shawarar har ƙarshe, don gaskiya ta shiga kunnensa. Sannan ya ɗauko faranti mai zurfi, ya zuba ruwan tankin, ya jera fararen a ciki layi-layi, ya ajiye a kan tebur ɗin Jael inda ba yadda za a yi ta shigo ba ta gani ba.

Ta dawo ranar Lahadi da safe, fuskarta fes, da sabon kitso, tana kiran sunansa tun daga baranda.

"Baba Mutala! Barka da sabuwar shekara! Ga citta na kawo maka da zuma, mamana ta ce a gai da..."

Idonta ya sauka kan farantin. Ledar tsarabar ta tsaya a hannunta.

"Mene ne wannan?"

"Arba'in da huɗu ne, Sista Jael. Ni na kashe su."

"Injin ruwa ne ya tsaya? Zafi ya hau?"

"Inji lafiya. Latas na ba bushiyoyin."

"Me ka ba su?"

"Latas. Da kokwamba."

Jael ta nemi wurin zama ba ta samu ba, ta kife bokiti ta zauna. Ta dube shi, ta dubi tankin, inda leburorinta ke ta aiki kamar ba su san komai ba.

"Ban ce maka ba a ba su komai ba?"

"Kin ce."

"Da Hausa na faɗa maka fa, Baba Mutala! Ba Turanci ba, ba Larabci ba!"

"Da Hausa kika faɗa."

"To me ya sa?"

"Na ga kamar suna jin yunwa."

"Ai yunwar ce aikin!" Muryarta ta fashe. "Ka san yadda na samo su? Ka san sau nawa na hana kaina hutu saboda su? Wata takwas! Ina can coci ana waƙa, ni ina tunaninsu, in ce wa kaina kwantar da hankali, suna hannun dattijo." Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu da ƙarfi, don haushinsu ma take ji.

Maganar dattijon nan ta fi komai yi masa ciwo, da ma marinsa ta yi. Bai kare kansa ba, bai kawo zancen azumi ko ciwon baya ba. Ya ce in Dakta ya dawo shi zai je da ƙafarsa ya faɗa masa, kada sunanta ya shiga ciki, abin da aka yanke kuma ya karɓa.

Ta tashi ta leƙa tankin, ta daɗe tana bin tayil ɗin da ido. A wasu wuraren ana ganin sawun bushiya, a wasu kuma, kusa da jikin jariran inda bushiya ba ta iya shiga, ana ganin 'yan ƙananan sawun hantsaki, ɗaruruwa. Ta juyo ta dubi jajayen idanunsa da yatsunsa da ruwan gishiri ya tsattsage.

Ta ɗauki farantin ta kai gaban madubin da ke ƙara girman abu, ta zauna, ta fara sa su ɗaya-ɗaya. Ta duba, ta ture gefe. Ta duba, ta ture gefe. Mutala na tsaye a bayanta, hannuwa a baya. A na goma sha tara ta tsaya. Ta juya shi, ta ƙara haske, ta ajiye shi daban. Can gaba ta sake ajiye wani, sannan wani.

"Zo ka gani."

Ya kafa ido a madubin, da ƙyar ya samu saitin. A gefen farin dutsen, can ƙasa, akwai wani ɗan ɗigo ruwan ƙasa-ƙasa. Yana kallo ɗigon ya buɗe, ya miƙo 'yan hannuwa, ya kaɗa su a ruwa.

"Yana da rai!"

"Da ƙyar. Arba'in da ɗaya ka kashe, kada ka ƙara wa kanka." Ta ja hanci. "Ban huce ba fa, kada ka ga ina magana. Sai na yi sati ban gaishe ka ba."

"Ki yi wata ma."

"Kada ka ba ni shawara." Ta zuba ruwa a ɗan kwano, ta sa ukun a ciki, ta miƙa masa. "Waɗannan naka ne. Ka sa su a layin gaba inda haske ya fi, kai za ka duba su kullum har Maris. In sun rayu, da hannunka za ka miƙa su a jirgi."

Mutala ya karɓi kwanon da hannu biyu. Tsakanin tebur da tanki bai fi taku goma ba, amma ya yi su a kan yatsun ƙafa, ƙaton mutum da furfura a gemu, yana kallon ruwan kada ya girgiza. Da ya isa ya waiwayo, don ta nuna masa daidai gurbin da take so.

Jael ta riga ta juya baya, ta buɗe littafinta tana rubutu. Ba ta ko ɗago ta ga inda zai sa su ba.